Alhaji Mamman Shata Katsina (1923-1999): Makaɗin da Ya Kai Kalangu Gaban Sarki da Soja

1.0 Gabatarwa

A al'adar Bahaushe ta dauri kiɗa gado ne, kuma kowane abin kiɗa yana da gidansa. Tambari na sarki ne, kotso da taushi da jauje na fada ne, dundufa ta maƙera ce, gangar noma ta manoma ce. Shi kuwa kalangu an san shi da mahauta da 'yan dambe da 'yammata a dandali. Duk wanda ya shiga sana'ar kiɗa ba tare da ya gada ba, ɗan haye ne, kuma ba kasafai ake sa ran zai yi nisa ba. Wannan babi zai kawo tarihin wani ɗan haye wanda ya ɗauki abin kiɗan da ake ganin na talakawa ne, ya kafa ƙungiya a kansa, ya jagorance ta fiye da shekara hamsin, har ta yi wasa a gaban sarakuna da gwamnoni da sojoji. Wannan mutum shi ne Alhaji Mamman Shata Katsina. Abin da ake son ɗalibi ya lura da shi a cikin tarihin shi ne yadda mutum guda ya sauya matsayin kalangu da matsayin makaɗi a ƙasar Hausa, da kuma irin abubuwan zamani da suka ba shi damar yin haka.

2.0 Kiɗan Yaƙi da Kiɗan Fada Kafin Zamanin Shata

Masana adabin baka sukan kasa makaɗan Hausa gida-gida. Akwai makaɗan yaƙi, da makaɗan fada, da makaɗan sana'a, da makaɗan maza, da makaɗan ban dariya, da makaɗan jama'a. A zamanin da ake yaƙe-yaƙe tsakanin ƙasashen Hausa, makaɗin yaƙi ma'aikaci ne kamar kowane baraden sarki. Da kiɗa ake shelar fita, da shi ake tara runduna, da shi ake zuga jarumi ta hanyar take da kirari har ya manta da tsoro. Tambari alama ce ta mulki, don haka idan abokan gaba suka ƙwace shi, abin ya zama babban abin kunya ga sarki da jama'arsa. Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) aka fara busa kakaki a fadar Kano, wato ke nan haɗuwar kiɗa da busa da mulki daɗaɗɗen abu ne.

Da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato a 1903, sai yaƙi tsakanin sarakuna ya ƙare. Sojan da ya rage shi ne na Bature, shi kuwa yana da badujala da bigilarsa a bariki. Makaɗan da suka saba bin sarki fagen fama suka koma zaman fada, suna yabon ubangidansu da sifofin jarunta ko da babu yaƙin. Daga wannan gida ne aka sami irin su Ibrahim Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa, da Salihu Jankiɗi na Sarkin Musulmi, da Musa Ɗanƙwairo Maradun, da Sarkin Taushin Katsina. Makaɗin fada yana da ubangida tsayayye wanda yake ci da shi, ya tufatar da shi, ya ba shi doki da gona. Shi kuma ba ya yi wa talaka waƙa, ba ya kuma zuwa wata fada sai da yardar ubangidansa. A cikin wannan tsari mai iyakoki aka haifi Shata.

3.0 Haihuwarsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Muhammadu, wanda aka fi sani da Mamman Shata, a garin Musawa a shekarar 1923, a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. A lokacin Musawa tana ƙarƙashin En'e ta Katsina, yanzu kuwa hedikwatar ƙaramar hukuma ce a Jihar Katsina. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro, kuma asalin gidansu Fulani ne. Babu makaɗi a cikin kakanninsa da zai ce ya gada. Kamar sauran yaran zamaninsa, an sa shi makarantar allo, ya kuma taso cikin aikin gona. Bai yi karatun boko ba.

Da ya tasa sai ya shiga tallar goro, daga baya ya koma sayar da alewa. Masu tarihinsa sun ce daga nan ya sami laƙabinsa. Idan ya sayar da goro sai ya rabar da kuɗin ga mutanen da ya gamu da su a kasuwa ko a hanya, ya koma gida hannu rabbana. Idan aka tambaye shi kuɗin sai ya ba da amsa da kalmar shata, yana nufin ya watsar da su kyauta. Wani ɗan'uwansu da ake kira Baba Salamu shi ya laƙaba masa sunan, ya kuwa bi shi har ya danne sunansa na yanka.

A wajen tallar alewa ne aka fara jin muryarsa, domin da waƙa yake kiran masu saye. Da dare kuma sai ya tafi dandali inda samari da 'yammata suke wasanni irin su asauwara, ya riƙa ba da waƙa ana amsawa, masu kalangu suna kiɗa. Mahaifinsa bai so haka ba ko kaɗan. A ganin Bafulatani na wancan zamani kiɗa roƙo ne, roƙo kuwa zubar da girman gida ne. Burinsa ɗansa ya zama manomi ko ɗan kasuwa. Duk da faɗa da horo, Shata bai bari ba. A ƙarshe ya ajiye goro da alewa, ya rungumi waƙa ita kaɗai, ya shiga zagaya ƙauyukan da ke kewayen Musawa tare da makaɗansa.

4.0 Daga Bakori Zuwa Kano da Funtuwa

Matakin farko na ɗaukakar Shata shi ne komawarsa Bakori. Wanda ya jawo shi can shi ne Abdullahi Inde, ɗan sarautar Musawa, wanda yake aikin En'e a Bakori a fannin sayen auduga da gyaɗa. Wannan bayani yana da muhimmanci ga mai nazari, domin ya nuna irin sababbin iyayen gidan da zamani ya kawo. Auduga da gyaɗa su ne amfanin gonar da Turawa suke saye su kai ƙasarsu. Jirgin ƙasa ya isa Kano tun wajen 1911, daga baya aka ja wani layin daga Zariya ya bi ta Funtuwa zuwa Gusau da Ƙauran Namoda. Kuɗi ya shiga hannun dillalai da malaman awo da 'yan kwangila da direbobin manyan motoci. Waɗannan mutane suna da abin hannu, suna kuma son a san da su, amma makaɗin fada ba zai yi musu waƙa ba tunda ba sarakuna ba ne. Wannan gurbi Shata ya cike.

A Bakori ya yi aurensa na fari, daga can kuma ya riƙa fita da ƙungiyarsa zuwa Katsina da sauran garuruwa. Ya fara shiga Kano a ƙarshen shekarun 1940. A shekarar 1952, a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka yi wani gagarumin biki da ake kira Bikin 'Yan Sarki, inda aka aurar da 'ya'yan sarauta goma sha biyu a lokaci guda. Wasan da Shata ya yi a wannan biki shi ya fito da shi sosai, domin manyan ƙasa daga wurare da dama sun halarta, kowa kuma ya koma gida da labarinsa. Daga nan kalangu ya fara samun wurin zama a tarukan da a da sai kotso da taushi.

Daga baya ya mayar da zamansa Funtuwa, garin auduga da tashar jirgi da mahaɗar hanyoyin Zariya da Gusau da Katsina. Nan ya zama gidansa na shekaru masu yawa har ƙarshen rayuwarsa, ko da yake bai yanke hulɗa da Kano ba. Duk da haka sunan Katsina ne ya bi shi, saboda ita ce ƙasar haihuwarsa.

5.0 Kalangu da Tsarin Ƙungiyarsa

Kalangu ganga ce mai siririn tsakiya da baki biyu, an rufe kowane baki da fata, an kuma haɗa bakunan da tsirkiyoyi. Makaɗi yakan rataya shi a kafaɗa ya saƙala shi a hammata, ya riƙa bugu da lanƙwasasshen makaɗi. Idan ya matse tsirkiyoyin sai fatar ta ɗame, sauti ya hau sama. Idan ya sassauta sai sauti ya sauka. Da yake Hausa harshe ne mai karin sauti, wato sama da ƙasa da faɗuwa, sai ya zama kalangu yana iya kwaikwayon magana. Shi ya sa mai sauraro yakan gane taken wani ko amshin wata waƙa tun kafin a buɗe baki. Akan raka manyan kalangai da ƙananan ganguna irin su ɗan karɓi da kuntuku, waɗanda aikinsu shi ne riƙe ma'aunin kiɗa.

Shata shi ne jagora kuma mai ba da waƙa. Bayansa akwai makaɗa waɗanda su ne kuma 'yan amshi, sannan akwai maroƙa ko sanƙirori masu shelar sunan wanda ya yi kyauta da abin da ya bayar, suna kuma tuna wa jagora asalin mutum da danginsa. Ƙungiya irin wannan tamkar gida ce. Jagora ne yake karɓar gayyata, shi yake raba abin da aka samu gwargwadon matsayin kowa, shi yake ɗaukar nauyin tafiya da masauki, shi kuma yake hukunta wanda ya saɓa. Riƙe mutane masu yawa a kan hanya shekara da shekaru aiki ne da yake bukatar kwarjini da kyauta, Shata kuwa an shaide shi da duka biyun.

Tsarin waƙarsa ya bambanta da na makaɗan fada. A ƙungiyar fada akan zauna a tsara waƙa a gida, a maimaita ta har ta zauna, 'yan amshi kuma sukan karɓi ɗan waƙa daga bakin jagora su ƙarasa shi, wani lokaci ma su yi ƙari. A wajen Shata amshi gajere ne, ba ya sauyawa, 'yan amshi suna maimaita shi bayan kowane ɗa. Sauran aikin duk yana wuyan jagora, kuma nan take yake ƙirƙirar ɗiyan waƙa gwargwadon wurin da mutanen da ke gabansa. Wannan ne ya sa idan aka ɗauki waƙarsa guda a wurare biyu, sai a tarar amshi ɗaya ne amma ɗiyan sun bambanta. Wannan siga ita ta ba shi damar yi wa mutumin da bai taɓa gani ba waƙa a cikin ɗan lokaci, abin da makaɗin jama'a ba ya iya rayuwa sai da shi.

6.0 Jigogin Waƙoƙinsa

Shi kansa Shata bai san adadin waƙoƙinsa ba, kuma da yawa daga cikin na farkon rayuwarsa sun ɓace domin ba a ɗauke su a faifai ba. Waɗanda suka rage sun isa su nuna faɗin fagen da ya taɓa. Babban jigonsa shi ne yabo. Ya yabi sarakuna, musamman Sarkin Daura Muhammadu Bashar wanda ya yi sarauta daga 1966 zuwa 2007, ya kuma yabi hakimai da attajirai da ma'aikatan gwamnati. A gefe guda ya yi wa direbobi da dogarai da 'yan bori da mata masu zaman kansu waƙa, mutanen da sunansu ba zai taɓa shiga waƙar fada ba. Da yawa daga cikinsu ba a san su a yau ba sai ta bakinsa.

Akwai kuma zambo da habaici, waɗanda ya ƙware a kansu har mutane suna shakkar ɓata masa rai. Akwai waƙoƙin addini, kamar wadda ya yi ta yabon Annabi (SAW). Akwai na noma da na gargaɗi da na wayar da kai. Akwai na abubuwan mamaki na zamani, irin wadda ya yi a kan kumbon Apollo 11 da Amurkawa suka harba zuwa duniyar wata a watan Yuli na 1969. Sai kuma Bakandamiya, wadda ita ce waƙar da ya yi wa kansa kirari a ciki, ya nuna fifikonsa a kan sauran mawaƙa. Ya riƙa rera ta shekara da shekaru yana yi mata ƙari, har ta zama kamar tarihin rayuwarsa da bakinsa.

Ba dukkan waƙoƙinsa ne suka sami karɓuwa ga kowa ba. Waƙar da ya yi a kan shan giya ta jawo masa suka daga malamai da iyaye, haka ma wasu daga cikin zambonsa masu zafi da kalmomin batsa da sukan faɗo a wasu wasanninsa. Mai nazarin adabi ba ya ɓoye wannan ɓangare, domin yana daga cikin hoton zamanin da mawaƙin ya rayu a ciki, zamanin bariki da otal da kulob. Sai dai malamin da zai kai waƙar Shata aji wajibi ne ya tace, ya zaɓi wadda ta dace da shekarun ɗalibansa.

7.0 Shata da Yaƙin Basasa

A ranar 15 ga Janairu 1966 sojoji suka yi juyin mulki na farko a Nijeriya, inda aka kashe Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da Firimiyan Arewa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Rikicin da ya biyo baya shi ya kai ga yaƙin basasa, wanda aka fara a watan Yuli na 1967 aka gama a watan Janairu na 1970, a ƙarƙashin mulkin Yakubu Gowon. Gwamnatin Tarayya ta bukaci ɗaukar sojoji masu ɗimbin yawa cikin gaggawa, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka ɗauka samarin karkara ne na Arewa waɗanda ba su karanta jarida.

A nan ne tsohon aikin makaɗin yaƙi ya dawo ta wata sabuwar hanya. Mawaƙan baka da marubuta waƙoƙi suka shiga zuga soja da kiran jama'a su goyi bayan zaman Nijeriya ƙasa ɗaya. Shata yana cikin na gaba-gaba. Ya yi waƙoƙin ƙarfafa gwiwar sojoji da yabon shugabanninsu, gidan rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, yana watsa su. Makaɗin dauri sai ya bi sarki har bakin daga kafin barade su ji shi. A wannan karo rediyo ce ta ɗauki sautin ta kai bariki da kasuwa da zauren mai unguwa a lokaci guda. Abin lura kuma shi ne, gangar da ta yi wannan aiki ita ce wadda a da ake bugawa a rumfar mahauta. Yaƙin ya ci rayuka masu yawan gaske, musamman na fararen hula a yankin Gabas waɗanda yunwa ta hallaka, saboda haka mai nazarin waɗannan waƙoƙi ya kamata ya karanta su a matsayin muryar ɓangare guda a lokacin tashin hankali.

8.0 Ƙetare Iyaka

Iyakar da Ingila da Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 ta raba ƙasar Hausa gida biyu. Wanda ya tashi daga Katsina ya bi ta Jibiya, da ya wuce shingen kan iyaka sai ya faɗa Ɗan'isa, daga nan sai Maraɗi. Ita kuwa Maraɗi zuriyar sarakunan Katsina na Haɓe ne suka kafa mulkinta bayan jihadi ya fitar da su daga Birnin Katsina a farkon ƙarni na 19, shi ya sa sarkinta yake amsa sunan Sarkin Katsinan Maraɗi. Mutanen ɓangarorin biyu harshensu ɗaya, suna auratayya, suna cin kasuwannin juna. Abin da ya bambanta su shi ne harshen makaranta da na ofis, nan Ingilishi can Faransanci.

Rubutaccen adabi ya sha wahalar ƙetare wannan iyaka, saboda bambancin tsarin karatu da ƙarancin masu iya karanta boko. Waƙar baka ba ta gamu da wannan cikas ba. Muryar rediyon Kaduna tana isa Nijar, faya-fayan garmaho sun bi 'yan kasuwa, sannan da kaset ya yawaita a shekarun 1970 sai direbobin da ke bin hanyar Jibiya da sauran hanyoyin kan iyaka suka zama su ne masu yaɗa waƙoƙin. Ta haka Shata ya zama na Maraɗi da Damagaram kamar yadda yake na Katsina da Kano. Shi kansa ya yi tafiye-tafiye zuwa ƙasashen Afirka ta Yamma inda Hausawa suke zaune a zango-zango, kamar Gana. Ya sauke farali a Makka, ya kuma je Ingila da Faransa da Rasha da Amurka. Ga Bahaushen da ya daɗe a baƙon wuri, jin kalangun Shata tamkar saƙo ne daga gida.

9.0 Shigarsa Siyasa

Makaɗin dauri yana yabon mai mulki ne, ba ya neman mulki. Shata ya ƙetare wannan iyaka ita ma. A shekarun 1970, bayan gyaran tsarin ƙananan hukumomi, an zaɓe shi kansila a Ƙaramar Hukumar Kankiya, a lokacin tana cikin tsohuwar Jihar Kaduna, domin sai a 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina. A Jamhuriya ta Biyu (1979-1983) ya fara da jam'iyyar GNPP ta Waziri Ibrahim, daga baya ya koma NPN mai mulki. A lokacin shirin mayar da mulki ga farar hula na gwamnatin Ibrahim Babangida, an zaɓe shi shugaban jam'iyyar SDP na Ƙaramar Hukumar Funtuwa. Bai daɗe a kan kujerar ba aka tsige shi, bayan saɓanin da ya shiga tsakaninsa da manyan jam'iyyar a jihar, musamman Shehu Musa 'Yar'aduwa. Halinsa na faɗin abin da ke ransa ba tare da shakkar kowa ba, wanda ya ɗaukaka shi a fagen waƙa, bai yi masa rana a fagen siyasa ba.

10.0 Girmamawa da Rasuwarsa

Tun yana raye masana suka fara nazarinsa. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana ta Amurka a kan matsayin mawaƙin baka a al'ummar Hausa da Fulani, inda ya ɗauki Shata a matsayin abin misali. Gwamnatin Tarayya ta ba shi lambar girma ta MON. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa, daga nan aka riƙa kiransa Dakta. Mutumin da mahaifinsa ya hana shi waƙa don gudun abin kunya, shi ne jami'a ta yafa wa rigar malanta saboda waƙar.

A ƙarshen rayuwarsa ya yi fama da rashin lafiya, aka yi jinyarsa a Kano da Jidda. Allah ya yi masa rasuwa ranar Juma'a 18 ga Yuni 1999 a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, yana da shekara saba'in da shida. An kai shi Daura, garin babban ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar, aka yi masa sutura a can. Ya bar mata uku da 'ya'ya da jikoki masu yawa. A 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da littafin tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah.

11.0 Kammalawa

An ga yadda Shata ya taso a zamanin da kiɗa yake gado, kowace ganga kuma take da iyakarta. Ya shiga sana'ar ba da yardar gida ba, ya riƙi kalangu, ya ƙi ɗaure kansa ga fada guda. Kuɗin auduga da gyaɗa sun samar masa da sababbin iyayen gida, mota da jirgi sun faɗaɗa masa fage, rediyo da faifai da kaset sun kai muryarsa inda ƙafarsa ba ta taka ba. Sai dai waɗannan abubuwa sun samu ga dukkan makaɗan zamaninsa. Abin da ya fifita shi shi ne saurin ƙirƙira, da yalwar kalmomi, da iya riƙon ƙungiya. Ga malamin Hausa, waƙoƙinsa taska ce ta karin magana da kirari da salon sarrafa harshe da sunayen garuruwa da sana'o'i na ƙarni na 20. Da yake akasarinsu a kaset da tsofaffin faya-fayai aka adana su, akwai aiki a gaban malamai da ɗalibai na tattara su da rubuta su da daidaitacciyar ƙa'ida, tare da bayanin mutanen da aka ambata a ciki tun ana samun dattawan da suka san su.

12.0 Tambayoyin Auna Fahimta

1. Kawo bambance-bambance uku tsakanin makaɗin fada da makaɗin jama'a, tare da misali daga rayuwar Shata.
2. Yi bayanin yadda kalangu yake kwaikwayon magana, ka danganta shi da karin sautin Hausa.
3. Ta wace hanya cinikin auduga da gyaɗa ya taimaka wa ɗaukakar Shata?
4. Kwatanta aikin makaɗin yaƙi na dauri da rawar da Shata ya taka a lokacin yaƙin basasa.
5. Me ya sa waƙar baka ta fi rubutaccen adabi saurin ƙetare iyakar Nijeriya da Nijar?
6. Saurari waƙar Shata guda wadda ta dace da ɗaliban ƙaramar sakandare, ka rubuta ta, ka fito da jigonta da salonta, sannan ka tsara yadda za ka koyar da ita a darasi ɗaya.